Takardar Lamuni

Magatakarda ya turo takardar da ɗan yatsa,
bai ko ɗago kai ba.
Ya ce: mutum biyu masu gida a cikin Jos,
hoto bibbiyu, da shaidar biyan haraji.
Na ce, Yallaɓai, ubana ne fa.
Ya ce, duk wanda ya zauna a kujerar nan
abin da ya faɗa ke nan.

Ubana ne.
Shekara talatin yana awon kuza a Bukur,
ma'auninsa bai ci ƙwayar kowa ba.
Yau in na shiga masa da kunun acca
sai ya gyara hula, ya ce, baƙuwa, daga ina?
Shaguna uku a Dilimi, fansho, fili a Rikkos,
duk sun bi sunana
sun fice masa daga kai.

Na fito daga kotu ruwa na tsuga,
na raɓe a rumfar masu buga takardu
ina ƙirga dangi da yatsu.
Yaya Ɗanjummai ya ce takardar gidansa na banki.
Kawu Ila ya ce sai ya yi istihara,
har yau bai farka ba.

Ngo Kachollom ce ta zo,
mai dankali a Farin Gada,
maƙwabciyarmu tun kafin unguwanni su juya wa juna baya.
Takardar gidanta na naɗe cikin ledar burodi.
Ta ce, Gambo ne ya ba ni jarin farko,
buhu biyu, bai rubuta a ko'ina ba.
Na ce, Ngo, kin san abin da ke ciki?
In na ci, gidanki za a taɓa.
Ta ce, to kada ki ci.
Ta dangwala yatsa,
ta goge tawadar a bakin zani,
ta tambayi ɗan sandan ƙofa inda ake hawa mota.

Na biyun Malam Tanimu ne mai gyaran rediyo.
Ya karanta kowane layi da tabarau mai ƙafa ɗaya,
ya yi tambaya bakwai,
sannan ya sa hannu yana gumi cikin sanyin Agusta.

Tun ranar na zama mai tara rasit.
Na maganin hawan jini, na wuta, na wanzami,
duk suna cikin gwangwanin madara.
Mai ƙosai ba ta da rasit,
sai in rubuta da kaina: ƙosai, ɗari uku, ya ci biyu.

Ba zan ɓoye ba, akwai wani dare.
An koro Nafi'u daga makaranta,
ga kuɗin hayar Dilimi a jakata, suna da ɗumi.
Zuciya ta ce aro ne,
ai kakansa ne, da yana cikin hayyacinsa da ya ba shi.
Na ƙirga su sau biyu.
A na uku sai na ga shuɗin yatsan nan
a bakin zanin tsohuwa,
da rufin kwanonta mai yoyo ta wajen madafa.
Da safe na kai keken ɗinkina Katako,
aka saye shi da wulaƙanci.

Ban ce na fi kowa ba.
Da ba a ɗaura mini gidan wata a wuya ba,
ban san me zan aikata ba,
kuma na daina jin haushin magatakarda.

Jiya da zan fita daga ɗakinsa
Baba ya laluba aljihu,
ya miƙo mini naira hamsin duk ta yamutse.
Ya ce, baƙuwa, ga na mota, ki gaida gida.
Na karɓa hannu biyu.
Na daɗe tsaye a zaure da biro,
ban san a wane shafi zan shigar da ita ba.